FILIN MANOMA: In Gari Ya Cim Ma Gonarka

Jama'a, a makon nan za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu duba wani al'amari wanda ya fi fara ɓarna ga manomin da ke bakin gari. Fara in ta sauka ta cinye hatsi takan tashi ta bar maka gonarka, baɗi ka sake shuka. Amma in gari ya cim ma gona, to, ta tafi ke nan. Abin da ya rage shi ne ko mai ita ya fita da wani abu a hannu, ko kuwa ya fita da fartanyarsa kaɗai.

Duk wanda ya san Kano shekara hamsin ko sittin da suka wuce ya san Hotoro da Kawaji da Naibawa da Ɗorayi da Rijiyar Zaki duk karkara ce, gero da dawa da gyaɗa iyakar ganinka. Da rani jakuna kan shiga Birni da itace da kara, su fito da mangaloli cike da taki. Yau je ka wuraren nan ka nemi kunya ɗaya, sai dai ka ga bulo da kwano. Haka abin yake a Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato. Ba laifi ba ne gari ya girma, mutane na ƙaruwa, tilas su sami wurin kwana. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, manomi yakan dubi gabas ya san yau za a yi ruwa, amma ba ya sanin ranar da doka ta sake wa gonarsa suna. Ɗan kasuwa mai neman fili ya kafa sito, da akawun da ya shekara goma yana tara ɗan abin da ya ragu a albashinsa don ya gina gida, su ma su kasa kunne, gama gonar da muke zance su ne masu sayenta.

ƘASA TA WA CE?

In ka tambayi manomi gonar nan ta wa ce, sai ya ce tasa ce, ya gada daga ubansa, ubansa kuma daga kakansa wanda ya sassabe dajin. Gaskiyarsa. Amma in ka tambayi doka, sai ta ba ka wata amsa dabam, kuma wannan amsa ba jiya aka fara ba da ita ba.

Tun kafin zuwan Turawa malamanmu sun yi rubutu a kan ƙasa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, yana da ɗan littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ke samun iko da ƙasar da ba ta da mai ita: ko ya raya ta da noma ko gini, ko sarki ya yanka masa, ko kuma a keɓe ta hurumi don amfanin jama'a. A ƙauyuka kuwa baƙo ya zo wurin dagaci a nuna masa daji, ya sassabe, ya noma, 'ya'yansa su gada. Ana aro, ana jingina, inda mutane suka yi yawa kamar kewayen Kano har saye da sayarwa ana yi.

Cikin watan Maris na 1903, da Lugga ya shiga Sakkwato, sai ya ce duk ikon da sarakuna suka samu ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingilishi, har da ikon ƙasa. Cikin 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka kafa wani kwamiti a London don ya duba sha'anin ƙasar Arewa. Daga shawararsa aka yi dokar 1910, aka sake gyara ta cikin 1916. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, ƙasa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita amana don amfanin 'yan ƙasa, abin da mutum ke da shi kuwa haƙƙin zama da mora ne. Bayan mulkin kai, cikin 1962, Majalisar Jihar Arewa a Kaduna ta yi tata dokar, ta ɗauke ikon daga Gwamna ta ba Minista, amma ginshiƙin bai motsa ba.

Ran 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fito da Dokar Amfani da Ƙasa, watau doka ta 6 ta shekarar, wadda ta game Nijeriya duka. Mutanen Kudu sun ji ta kamar saukar aradu, mu kuwa a Arewa tsohuwar rigarmu ce aka sake wa rini. Sashenta na farko ya ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamnan jihar, amana don dukan 'yan Nijeriya. Aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979, sa'an nan na 1999, yadda ba ta gyaruwa sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi niyyar gyara, har ya kafa kwamiti cikin 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take.

Kada wannan ya tsorata kowa. Haƙƙin mora ba abin wasa ba ne, ana gadonsa, kotu na kare shi, ba kuma mai raba ka da shi sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Sai dai a riƙe wannan a zuci: a idon doka ƙasar da ke ƙarƙashin gero ba taka ba ce, geron da guminka su ne naka. In mun zo kan diyya za ku ga inda wannan ke cizo.

LAYIN DA BA A GANI

Dokar 1978 ta raba ƙasa gida biyu, ta birni da wadda ba ta birni ba. Ta birni tana hannun Gwamna kai tsaye. Ta karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, tana da ikon ba mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce, ba kaɗan.

To, wa ke faɗin inda birni ya tsaya? Gwamna ne, sashe na 3 ya ba shi wannan iko. Ya sa hannu a takarda, a buga ta a gazet ɗin gwamnati, shi ke nan. A jihohi da dama sai a ɗauki wani wuri a tsakiyar gari a ce duk abin da ke cikin kilomita kaza daga nan birni ne. Ba ganuwa, ba shinge, ba mai shela a kasuwa. Kana iya shekara biyar kana huɗa da shuka, kura na kuka bayan gonarka da dare, alhali a takarda cikin birni kake noma.

Muddin gonarka tana wajen layin, sashe na 36 yana bayanka. Ya ce wanda ke noma ƙasa a karkara lokacin da dokar ta fito ya ci gaba da nomansa kamar dai ƙaramar hukuma ce ta ba shi, ko da ba shi da takarda ko ɗaya. Har saura, watau gonar da aka bari ta huta, dokar ta lissafa ta cikin ƙasar da ake nomawa. Ya kuma ce in manomi ya kai zanen gonarsa, ko bayanin iyakokinta wanda ya gamsar, ya nemi a rubuta sunansa, to, wajibi ne ƙaramar hukuma ta rubuta in ta tabbata shi ne mai ita. Manoma kaɗan ne suka san da wannan, waɗanda suka yi kuwa sun fi kaɗan. Ni a ganina babu tafiyar da ta fi wannan riba ga mai gona a bakin gari. Ku je tun layin bai tsallake ku ba, gama ba a fafa gora ranar tafiya.

Da zarar layin ya tsallake ka, ƙaramar hukuma ba ta da sauran ikon ba da fili a wurin. Takardar da shugabanta zai ba wani a kan filin birni ba ta ba shi kome ba. Ta dagaci da mai unguwa kuwa, ko a birni ko a ƙauye, shaida ce kawai cewa an yi ciniki a gabansu, kuma sun san gonar ta wane ce. Shaidar tana da amfani ƙwarai ran da aka je gaban alƙali, kada a raina ta. Amma dokar 1978 ba ta ba sarakuna ikon raba ƙasa ba.

AWON IGIYA

Ga yadda abin yakan faru. Gari ya matso, sai dillalai su fara zarya. Su ce wa manomi, Malam, gwamnati na nan tafe, in ba ka sayar yanzu ba za a karɓe a ba ka kuɗin goro. Wani lokaci ƙarya suke, wani lokaci kuwa gaskiya ce. Manomi ya tsorata, a kawo igiya a auna, a yanka gonar fuloti fuloti, a bar ɗan lungu wanda ko amalanke ba ta juyawa a ciki. Wannan shi ne awon igiya, rabin unguwannin bayan garuruwanmu kuwa haka aka kafa su.

Ba wuya a gane abin da ke jan mutane. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na hekta ba. Mai awon igiya da ba ya barin hanyar kirki sai ya fitar da kusan ashirin a hekta guda. In ma'aikatan tsara gari ne suka yi awon, sai sun cire titi da magudanar ruwa da filin makaranta da na asibiti da maƙabarta, abin da zai rage bai kai haka ba ko kusa. Ribar mai igiya ke nan, hasarar kuwa ta waɗanda za su zauna a unguwar ce, ran da gobara ta tashi motar kashe wuta ta rasa ta inda za ta shiga, ko ran da aka kwana ana ruwa ya rasa hanyar wucewa sai ta tsakar gidajen mutane.

Doka fa? Shi sashe na 36 ɗin nan da ya kare manomi, shi ne kuma ya ɗaure shi. Ya ce irin wannan gona ba a yanka ta fuloti fuloti, ba a kuma mayar da ita hannun wani. Takardar cinikin banza ce, wanda ya yi kuma ana iya cinsa tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Tarar ta zama abin dariya yau, ko da yake cikin 1978 kuɗin mota ce. Gaskiya dokar ta yi tsauri har ta wuce abin da mutane za su iya bi, kullum ana cinikin gonaki a ƙauye hukuma na kallo. Wani sashen, na 21, ya buɗe ƙofa, ya ce ana iya sayar da haƙƙin gargajiya ko a jinginar in ƙaramar hukuma ta amince. To, a bi ta wannan ƙofa. Dalili kuwa, cinikin da aka yi ba da izini ba yana cikin abubuwan da Gwamna ke iya soke haƙƙin mutum saboda su, kuma irin wannan sokewa ba ta da diyya ko anini.

IN GWAMNATI TA ZO

Yanzu mun iso inda gizo ke saƙa. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin kowa in ana bukatar wurin don amfanin jama'a. Amfanin jama'a kuwa a dokar nan bakinsa da faɗi: hanya, makaranta, asibiti, ma'adinai, bututun mai, masana'antu, manyan ayyukan noma, har da shata sabuwar unguwa bisa tsari. Saboda haka in an ce za a yi awon gwamnati a gonakinku, ba a fita daga doka ba.

Amma akwai ƙa'ida. Tilas sokewar ta zama a rubuce, da sa hannun ma'aikacin da Gwamna ya wakilta, kuma tilas a kai wa mai wurin sanarwa. Ganin safiyo yana kafa turakun siminti ba sanarwa ba ne. Jin magana a bakin mai unguwa ba sanarwa ba ne. Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi ba tare da an sanar da mai wuri yadda ya kamata ba. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance, cikin 1991, ta kuma nuna cewa ba a karɓe wurin wani da sunan jama'a sa'an nan a miƙa wa wani don amfanin kansa. Wanda aka kawo wa takarda ya karɓa, ya rubuta ranar da ta zo, ya adana. Ƙin karɓa ba ya hana kome, sai dai ya bar ka cikin duhu.

Sai diyya. A nan ne manoma da yawa kan sha mamaki, don suna zaton za a biya su kuɗin gona kamar yadda dillali zai saya. Ina! Tun da doka ta ce ƙasar ba taka ba ce, ba a biyanka kuɗinta. Abin da sashe na 29 ya ce a biya shi ne aikin da ka zuba a kanta wanda amfaninsa bai ƙare ba. Dokar ta lissafa irinsu: gini, itatuwa masu daɗewa da aka dasa, shinge, rijiya, hanya, aikin ban ruwa. Gini ana ƙiyasta abin da za a kashe a sake irinsa, a rage na tsufa, a ƙara wani abu in an yi jinkirin biya. Amfanin gona da ke tsaye ana biyansa bisa ƙimar da ma'aikacin gwamnati ya sa. Wanda ke biyan kuɗin ƙasa kuma a mayar masa na shekarar.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Dokar ta faɗa a fili cewa abin da noma na yau da kullum ya haifar ba ya cikin lissafi, in ban da amfanin da ke tsaye. Watau a ce mutum ya shekara talatin yana kai taki, jaki bayan jaki, ya kira Fulani sun kwana da shanu a gonar kowace kaka, har jigawa ta koma baƙar ƙasa mai ba da dami ɗari. Maƙwabcinsa kuwa ya bar tasa ta koma fako. In an zo da rani, gonakin duka biyu babu kome a kai sai kututturen kara, to, a takardar mai ƙiyasi daidai suke. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ɗaukar mangala ba. Amma haka dokar take, gara mu san ta.

Me wannan ke koya wa mai gona a bakin gari? Itace da rijiya su ne bakin da gona ke magana da shi a gaban mai ƙiyasi. Mangwaro, gwaiba, dabino, ɗorawa, tsamiya, kuka, kowanne da kuɗinsa a jadawalin da gwamnati ke aiki da shi, babba mai 'ya'ya ya fi ƙarami. Ran da za a zo ƙirga ka tsaya a gonarka da kanka, kada ka aiki yaro. Ku ƙirga tare, ka sa a ɗauki hoto, ka ga abin da aka rubuta kafin ka sa hannu ko ka dangwala. In gonar aro ce ko haya, dokar ta ambaci mai haƙƙi da wanda ke zaune a kai duka biyu, saboda haka mai shuka yana da rabonsa a kan shukarsa. Kada kuma wani ya ji wannan ya tashi dasa itatuwa cikin dare bayan sanarwa ta fito. Ƙimar ranar da aka soke ita ake biya.

Akwai gata biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba. In ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar da ake nomawa don wani aikinta, sashe na 6 ya wajabta mata ta ba manomin wata gonar a madadinta, ban da diyya. In kuma gidan zama ne aka karɓe, Gwamna na iya ba mai shi wani matsuguni maimakon kuɗi, amma wanda ya karɓi wannan ya sani ya yafe kuɗin ke nan. A Kano da waɗansu jihohi an saba in an yi awon gwamnati a gonaki a ba masu gonakin wani kaso na fulotan da aka fitar. Wannan tsarin gwamnatin jiha ne, yana sakewa in gwamnati ta sake, don haka a nemi alkawarin a rubuce, da lambar fuloti. Kada kuma a yi saurin sayar da takardar ga dillalan da ke tsaye a ƙofar ofis. Fulotin da aka sayar ran da aka raba, da wanda aka riƙe har titi ya shigo, kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

In diyyar ba ta gamshe ka ba, dokar ta ce a kai kuka ga kwamitin rabon ƙasa na jiha, har ta ce kotu ba ta da ikon duba yawan kuɗin. Amma tsarin mulki, a sashe na 44, ya ce a biya diyya ba da jinkiri ba, kuma mai abu yana da ikon zuwa kotu. Cikin 1986 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Kaduna, ta ce ba a rufe wa mutum ƙofar kotu a kan wannan. Ku haɗa kai ku ɗauki lauya ɗaya, ya fi kowa ya tafi shi kaɗai.

Masu mulki su ma su tuna, maganar diyya ba ƙarama ba ce. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama cikin 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, aka kuma baje waɗansu gonakin don aikin ban ruwa. Manoma suka yi ta kukan diyya da yadda aka sake rabon ƙasa, har suka tare hanyoyi. Cikin Afrilu 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi hasarar rayuka da yawa. Allah ya kiyaye mu da ganin irin wannan.

GA MAI SAYE

To, Alhaji ɗan kasuwa, da kai Malam akawu, ga taku. Kowa burinsa ya riƙe takardar shaidar mallaka mai sa hannun Gwamna, wadda ake kira satifiket. Tana da kyau, banki na karɓarta, galibi shekara 99 ake ba gidan zama, kana biyan kuɗin ƙasa kowace shekara. Amma ba laya ba ce. A shari'ar Ogunleye da Oni, cikin 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa satifiket ba ya ba mutum abin da tun asali ba nasa ba ne. In akwai mai haƙƙi a wurin tun da fari, ba a kuwa soke haƙƙinsa bisa ƙa'ida ba, takardarka ba ta kore shi. Wannan daɗi ne ga manomi, gargaɗi ne ga mai saye.

Mai satifiket kuma ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna, in ji sashe na 22. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, cikin 1989, aka ce wannan ya shafi har wanda ya mallaki gidansa a birni tun kafin 1978. Bankin ya karɓi jinginar gida ba da wannan yarda ba, da ya tashi sayarwa aka ce jinginar ba ta ɗauru ba. In banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, ina kai?

Kafin ka biya ko sisi, je ka ofishin ƙasa na jiha a duba maka taswira. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi ma kowace da nata. Tambayi ko wurin yana cikin awon gwamnati, ko an riga an ba wani, ko an keɓe shi don hanya. Sa'an nan ka koma ƙauyen ka sha ruwa da maƙwabtan gonar. In gonar gado ce, tambayi ko an raba. Sau da yawa babban wa ne ke sayarwa, ƙannensa mata suna gidajen aure ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi, abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da shuf'a, watau ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da ka saya. Kai kuma manomi mai ba da aron gona, ka riƙa kafa shaidu. Akwai hukuncin hauzi: wanda ba danginka ba in ya shekara goma yana mora wuri kamar nasa, kana gari kana gani ba ka ce uffan ba, ba wani uzuri, alƙali ba zai saurari ƙararka ba, sai fa in ka tabbatar aro ne ko jingina ko haya.

SAMUN FILI DABAM, IZININ GINI DABAM

Saura abu guda wanda ke rushe gidaje. Ko da filinka ya tsarkaka, ba ka da ikon gina abin da ka ga dama a kai. Wannan ma tsohon zance ne. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ita ce ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, aka bar fili mai faɗin yadi 440 a tsakani ba a gini. Cikin 1946 aka yi dokar tsara gari, cikin 1992 aka maye gurbinta da doka ta 88. Cikin 2003 kuma Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta ce tsara gari aikin jiha ne. Don haka kowace jiha da hukumarta, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna.

Aikinsu shi ne su ce nan gidajen zama, nan kasuwa, nan masana'antu, nan kuwa ba a gini sam. Sai ka kai musu zanen gininka sun amince kafin ka haƙa tushe. Sake wa wuri aiki ma sai da izini. In an ba ka fili don gidan zama ka mai da shi shaguna, ko injin niƙa, ko gidan kaji dubu, maƙwabta suka kai ƙara, kai ne a ƙasa. Masu kiwon kaji da turken shanu a bayan gari su lura da wannan ƙwarai: kai ka riga kowa zuwa, amma in unguwa ta kewaye ka aka shata wurin na zama ne, warin da dā ba mai ji sai ya zama abin ƙara. Takardar da ta nuna tun asali don noma da kiwo aka ba ka wurin ita ce abin da za ka nuna.

Wuraren da ba a gini kuwa su ne dillali ya fi sayarwa da araha: bakin rafi, tsohon kududdufi da aka cike da shara, burtali, gefen babbar hanya, ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ita babbar wayar, mai ƙarfin 330, ana bar mata fili mai faɗin mita 50, watau 25 kowane gefe, mai ƙarfin 132 kuwa mita 30. In ka ga an shafa jan fenti a bangonka, kada ka sa yara su kankare, kada kuma ka ƙara leburori don a gama da dare. Tsai da aikin, ka ɗauki takardunka ka tafi ofishin da safe, ka nemi a ba ka dalilin a rubuce da yawan kwanakin da aka ɗiba maka. Ginin da aka yi ba da izini ba in an rushe shi ba a biyan diyya, har a waɗansu jihohi mai ginin ne zai biya kuɗin man motar da ta rushe shi.